Baƙin Dajin Jamus Da Darasin Da Ke Cikinsa

A kudu maso yammacin Jamus akwai wata ƙasar tuddai da ake kira Schwarzwald, watau Baƙin Daji, saboda duhuwar itatuwanta. Tsawonta ya kai mil 100, dutsenta mafi bisa kuwa, Feldberg, ƙafa 4,898 ne. Daga cikinta Kogin Danube ya ɓullo. Kowace shekara baƙi na tururuwa can, waɗansu don wanka a ruwan zafin Baden-Baden, wanda tun Rumawa suka san da shi, waɗansu don sayen agogon katako mai kukan tsuntsu.

Amma ya kamata masu karatu su san dajin nan ya taɓa kusan ƙarewa. A ƙarni na 18 an yi ta sarar manyan itatuwansa, ana ɗaure gumagumai ana gangara Kogin Rhine da su har Holan don gina jiragen ruwa. Masu gawayi da masu narka gilashi suka bi saura, tuddai da yawa suka koma fili. Sai a 1833 hukumar Baden ta kafa dokar daji, aka ƙayyade sara, aka dukufa ga dashe. Ko dashen ma da gyara, gama iri ɗaya aka yawaita, guguwar 1999 kuwa ta kayar da ɗimbinsu.

To, muna roƙon malamanmu, in sun zo koyar da labarin ƙasar Jamus, kada su tsaya ga sunayen koguna da duwatsu. Su nuna wa yara cewa mai gatari yini guda ya ishe shi, mai dashe kuwa sai jikansa ya sha inuwa. A ganinmu, duk hukumar da ta ba da izinin sara ba ta tilasta dashe ba, ta ci rabon jikokinta.