Fijo 504 da Maganar Asali

Wanda ya bi hanyar Katsina zuwa Dutsin-Ma ta Kurfi shekaru talatin da suka wuce, da wuya ya shiga wata mota ban da Fijo. Wagon ɗin 504 ce ke lodi a tasha, a-kori-kurarta ke ɗauko buhunan gero da dawa ranar kasuwa, ƙaramar kuwa ita ce motar ciyaman da alƙali da shugaban makaranta. Yau Golf da Sharon sun karɓe tashoshin. Fijon da suka rage suna zaune a ƙofar gidaje ƙarƙashin darbejiya, tayoyi sun sace, kaji na saka ƙwai a kujerar baya. Ranar da aka zo rabon gadon mai ita, ɗan gwangwan ake kira ya yi mata kuɗi, shi kuwa da kilo yake awo.

A nan ake cutar magada ba tare da kowa ya yi niyyar cuta ba. Tsohuwar mota tana da daraja iri biyu: ta ƙarfen da ke jikinta, da ta abin da za a iya tabbatarwa game da ita. Ta farko kowa na ganinta. Ta biyu sai da hujja, kuma hujjar ce ake zubarwa tun kafin motar ta bar ƙofar gida.

Amurkawa sun kai wannan al'amari inda ya zama ilimi mai zaman kansa, musamman a kan motar tseren nan tasu, Chevrolet Corvette, wadda aka fara ƙerawa a 1953, guda 300 kacal a shekarar farko. Tun 1974 suke da ƙungiya, NCRS, wadda alƙalanta ke duba tsofaffin Corvette gaɓa-gaɓa suna ba da maki. Babban abin da suke nema shi ne lambobi su dace da juna: lambar da aka buga a jikin inji ta yi daidai da ta motar, ranar da aka zuba ƙarfen injin ta riga ranar da aka harhaɗa motar da ɗan lokaci. Har ƙananan zane-zanen da na'urar masana'anta ta bari a kan farantin lambar suke leƙawa da madubi, domin maƙaryaci yana iya goge lamba ya buga wata, amma sake waɗannan zane-zanen yana ba shi wuya. Kuɗi ne ya jawo wannan tsanani. Samfurin L88 na 1967 guda 20 aka yi, kuma a 2014 an sayar da ɗaya a gwanjo kan dala miliyan 3.85. Masu tara motocin suna da barkwancin cewa Corvette masu babban inji da ke yawo yanzu sun fi waɗanda kamfanin ya ƙera yawa.

Duk wanda ya taɓa rakiyar mai sayen doki ya san wannan bincike. Ba a jin shekarun doki daga bakin dillali. Baki ake buɗewa a duba haƙora.

To amma idan aka ɗauko ma'aunin Corvette aka ɗora wa Fijon Kurfi yadda yake, kusan babu wadda za ta tsira, kuma hukuncin ba zai zama adalci ba. Corvette motar marmari ce, da yawansu sun yi rayuwarsu a gareji. 504 motar aiki ce. An fito da ita a Faransa a 1968, ta zama gwarzuwar motocin Turai ta 1969, ta ci gasar Safari ta Kenya a 1975. Faransa ta daina ƙera ƙaramar a 1983, amma masana'antar PAN da ke Kakuri a Kaduna, wadda ta fara aiki a 1975, ta ci gaba da harhaɗa ta har tsakiyar shekarun 2000. Abin da ya sa ta daɗe haka shi ne kowane bakanike ya san cikinta, kuma kayanta na Panteka da Ƙofar Ruwa. Inji ya buga, a sauke a ɗora wani. Giya ta lalace, a samo ta Beljiyam. Fanalbita ya daddaƙe ƙofa, mai fenti ya rufe. Motar da ta yi shekara ashirin tana jigila tsakanin Dutsin-Ma da Ƙanƙara da injinta na farko, sai dai in ba ta yi jigilar ba. Canjin kaya shi ne ya raya ta.

Akwai kuma wani abu da masu sha'awar "orijina" ke yawan mantawa. Fijon Kaduna ba kwafin ta Sosho ba ce. A shekarun farko jiragen sama ne ke jigilar sassanta daga Liyon zuwa Kano, sannan a wuce da su Kaduna, kuma da tafiya ta yi tafiya aka riƙa haɗawa da kayan gida irin su batir da kujeru da tayoyin Dunlop da Michelin, kafin kamfanonin biyu su rufe masana'antunsu na Nijeriya. Mutumin da ya cire kujerun Kaduna ya saka na Faransa da sunan mayar da mota asalinta, ya goge ainihin abin da ya sa take da labari. Ya samu 504 irin wadda ake da ita a ko'ina, ya rasa wadda aka yi a Kakuri.

Saboda haka ma'aunin da ya dace da irin waɗannan motoci shi ne gaskiyar tarihinsu: a san abin da ya zo da mota, da abin da aka canza, da lokacin da aka canza shi. Wannan ra'ayi ba baƙo ba ne a duniyar tsofaffin motoci. Yarjejeniyar Turin, wadda ƙungiyar FIVA ta fara aiki da ita a 2013, ta ɗauki sauye-sauyen da mota ta samu a zamanin aikinta a matsayin wani ɓangare na tarihinta, ta kuma nemi a rubuta duk gyaran da aka yi. A wurin FIVA, shekara 30 ne mafi ƙarancin shekarun motar tarihi. Da wannan lissafi, duk Fijon da ta fito daga Kaduna kafin tsakiyar shekarun 1990 ta riga ta shiga sahu.

Binciken kansa ba ya buƙatar injiniya daga waje. Ana farawa da lambar shasi da aka buga a jikin ƙarfe ƙarƙashin bonet, a gwada ta da ta farantin kamfani, a gwada su biyun da abin da ke takardu. A shafa wurin da yatsa: in akwai alamar walda a kewaye, ko ƙarfen ya yi santsi fiye da maƙwabcinsa, ko haruffan sun karkace wasu sun fi wasu zurfi, to an taɓa. Lambar inji in ta saɓa wa takarda ba abin tashin hankali ba ne, matuƙar mai motar zai iya faɗin inda injin ya fito. Abin tsoro shi ne lambar da ta dace fiye da kima a kan injin da kowa ya san ba shi ya zo da motar ba. Mayen ƙarfe yana tona inda aka cika da fulawar fanalbita, domin ba ya kamawa a nan. Launin asali kuma yakan ɓuya a ƙarƙashin kafet da cikin but da bayan robar ƙofa, inda mai fenti ba ya wahalar da kansa.

Takardu sun fi duk wannan nauyi, kuma su ne suka fi saurin salwanta. Rasidin dila, takardar gwanjon gwamnati, takardar kwastan in motar ta shigo ta Jibiya ko Kwangwalam, tsofaffin lasisi, har da hoton ranar da aka kawo ta gida. Tsohuwar lamba ma shaida ce. An ƙirƙiro Jihar Katsina ranar 23 ga Satumba, 1987, don haka motar da aka yi wa rajista a Dutsin-Ma kafin wannan rana da lambar Jihar Kaduna ta fara yawo. Wanda ya ce motarsa ta 1982 ce, kuma tun fil azal a gidansu take, ya kamata a ga KD a wata takarda ko a wani hoto. Irin wannan farantin ne ake mayarwa murfin akurki.

Wani zai ce, a ƙasar da ake fama da tsadar abinci da matsalar tsaro a kan waɗannan hanyoyi, wa ke da lokacin lallashin tsohuwar Fijo? Maganar tana da ƙarfi, kuma gaskiya ne cewa kasuwar masu tara tsofaffin motoci a Arewa ba ta kai ta kawo ba. Babu mai gaskiyar da zai yi wa magada alkawarin miliyoyi. Sai dai abin da ake nema a wurinsu bai kai kuɗin buhun masara ba: rumfa da za ta tare rana da ruwa, a ɗaga motar a kan bulo, a cire batir, a zuke tsohon fetur kafin ya daskare a kafireto, a toshe hanyar ɓera, a haɗa takardu a leda guda. In an canza inji, a ajiye tsohon a zaure ko da ya buga. Kuma kada a yi gaggawar fenti. Fentin kamfani da ya koɗe ya fi sabon da aka watsa a bakin titi daraja a idon wanda ya sani. Mai sayarwa kuma ya faɗi abin da aka canza tun kafin a tambaye shi, domin ɓoye aibin haja dalili ne na warware ciniki a fiƙihun Malikiyya, tun kafin a zo ga batun 'yan sanda da buga lambar jabu.

Hukumomi ma suna da nasu kason. Gidan tarihi na ƙasa da ke Legas yana ajiye da Marsandin da aka harbe Janar Murtala Muhammed a cikinta ranar 13 ga Fabrairu, 1976, da ramukan harsashinta yadda suke. Ba wanda ya ce a kai ta wurin fanalbita. Motar da ta ɗauki malaman makaranta da masu haƙuri da amare na tsakiyar Katsina shekara talatin ita ma ta cancanci a ajiye guda ɗaya da cikakkun takardunta, ko a gidan tarihin da ke tsohuwar Kwalejin Katsina, ko a harabar Jami'ar Tarayya ta Dutsin-Ma. Tsofaffin direbobin tasha da kanikawan da suka san wace mota ce ta wane, da shekarar da aka sauke injinta, suna nan da ransu a Kurfi da Dutsin-Ma, kuma ɗalibin tarihi mai rikoda a waya zai iya zama da su a mako guda. Motar 'yan gwangwan kuwa takan zagayo unguwa ba tare da sanarwa ba, da sikeli da injin yankan ƙarfe a bayanta.