Kafin a ɗora tubalin tashar nukiliya, wa zai duba ƙwaƙwalwar da ke cikinta?

Jama'ar Droum da masu saurarenmu na nesa, kun ji labari: a watan Yulin 2025 Nijar ta sa hannu da kamfanin Rosatom na Rasha kan makamashin nukiliya, har ana maganar gina tasha. Mu da NIGELEC ke bari cikin duhu a tsakiyar bazara, wa zai ƙi wuta? Uranium na Arlit namu ne. Amma ana ta tafi, ba wanda ke maganar abin da ya fi ƙanƙanta kuma ya fi haɗari.

Kayan zamani ba ƙarfe ne zalla ba. Fanfo, makunni, ma'aunin zafi, kowanne da 'yar ƙwaƙwalwar kwamfuta ɓoye a cikinsa, kamar wadda ke cikin fanfon sola na masu lambu. Ta fanfon lambu in ta rikice, salati ne zai bushe. Ta tashar nukiliya fa?

A 2006, a tashar Browns Ferry ta Amurka, fanfuna biyu masu juya ruwan tukunyar nukiliya sun tsaya lokaci guda, don saƙonni sun yi wa ƙwaƙwalwarsu yawa. Dole aka kashe tukunyar da hannu. Ku lura: fanfunan biyu ne, amma tunda ƙwaƙwalwarsu iri ɗaya ce, tare suka faɗi. A 2013 kuma Koriya ta Kudu ta tsayar da tukwanen nukiliya saboda wayoyi masu takardun gwaji na jabu. Koriya ke nan fa!

Wasu za su ce ai masu ginawa sun san aikinsu. To, yaushe mai sayar da doki ya zama mai duba haƙoransa? Muna da hukumar ARSN mai sa ido kan harkar nukiliya. A ba ta kuɗi, a ba ta ikon cewa a'a ko ga minista. A rubuta a doka: duk kayan da ke ɗauke da ƙwaƙwalwa sai an bayyana shi, an gwada shi, kuma ba mai sauya manhajarsa sai da izini. A fara horar da yaranmu tun yanzu, har da na Jami'ar André Salifou ta Zinder.

Ba adawa muke da wuta ba. Cewa muke a fara da masu dubawa, sannan a kira magina.