WAI YANZU HATSI MA YA ZAMA GUBA GA KARE!

Duk wanda ya san Gonin Gora, wato unguwar da ke bakin shiga Kaduna in ka taso daga Abuja, a cikin ƙaramar hukumar Chikun, ya san cewa mutanen wannan yanki sun ɗanɗana kuɗarsu a hannun 'yan bindiga. A ƙarshen watan Fabrairun 2024 aka faɗa masu da tsakar dare aka yi awon gaba da mutum 16, sannan ɓarayin suka aiko da saƙon cewa sai an ba su Naira tiriliyan 40 da motocin Hilux 11 da babura 150. Kasafin kuɗin ƙasar nan gaba ɗayansa a wancan lokacin bai kai tiriliyan 29 ba! To mutumin da hukumar da ke karɓar harajinsa ta bar shi a wannan hali, in ya je ya nemo kare ya ɗaure a ƙofar gida don ya riƙa jin motsin dare, ba wanda zai ga laifinsa. Shari'a ma ta yi rangwamen ajiye kare don farauta da kiwo da tsaron gona, malamai da dama kuma sun yi ƙiyasin gadin gida a kansu idan akwai lalura.

Inda gizo ke saƙar shi ne, duk inda tsoro ya sauka, ɗan jari-hujja na biye da shi da buhunsa a kafaɗa. Ɓarawo ya karɓi nasa da bindiga, shi kuma wannan ya zo karɓar nasa da talla. Yau samarinmu, daga Gonin Gora zuwa sauran unguwannin Kaduna, wasu sun shiga kiwon karnukan Turawa, wani don gadi, wani don sayar da 'ya'ya, wani kuwa don kawai a gan shi da shi. Da ka buɗe waya sai ga mai talla yana nuna maka buhu mai sheƙi da hoton kyarkeci a jiki, an rubuta da Turanci cewa abincin ciki "babu hatsi", an kuma cika shi da furotin. Wai kare jikan kyarkeci ne, cikinsa bai san masara ba, bai san dawa ba, kuma duk mai ba shi tuwo yana cutar da shi ne a hankali. Sai ka ga yaro wanda shi kansa bai karya da ƙwai ba, ya shiga jin kunyar kanzon gidansu.

Ya ɗan'uwa, wannan magana ƙarya ce, kuma ba mu muka fara ƙaryata ta ba, masanansu ne. A shekarar 2013 wasu masu bincike a Jami'ar Ufsala ta ƙasar Suwidin suka wallafa sakamakon gwada halittar kare da ta kyarkeci. Abin da suka gano shi ne, ƙwayar halittar da ke sa jiki ya samar da sinadarin narkar da sitaci, kyarkeci guda biyu yake da ita, kare kuwa yana da daga huɗu har zuwa talatin. Ma'ana, dubban shekarun da kare ya yi yana zaune a gindin ɗan Adam yana cin ragowar abincinsa sun sa cikinsa ya saba da hatsi. Maharban ƙasar Hausa ba su jira jami'a ta faɗa masu ba. Karen farauta da zai yini yana bin zomo da gada a dawa, da me aka raine shi? Da tuwo da dusa da kunu da abin da ya samu na kayan ciki in an yi sa'a. Haka karen da ke bin garken Fulani. Ba wanda ya taɓa sauke masu buhu daga jirgin ruwa.

To daga ina wannan tsoron hatsi ya fito? Yana da tarihi, kuma tarihin abin kunya ne ga masu sana'ar. A shekarar 2007, a Amurka, karnuka da kyanwoyi suka yi ta mutuwa da ciwon ƙoda. Da aka bincika sai aka tarar wani garin alkama da ake shigowa da shi daga Sin an gauraya shi da melamin, sinadarin da ake yin roba da shi, don awo ya nuna kamar furotin ɗinsa na da yawa. Ka ga ke nan alkama ba ta yi laifi ba, ha'incin ɗan kasuwa ne ya yi kisa. Amma maimakon a tsaya kan ha'incin, sai aka ɗora wa hatsi jakar tsaba, aka buɗe sabuwar kasuwa, aka ƙara kuɗi. Su suka ɓata, su kuma suka sayar da maganin ɓarnar.

Kuma kada ka ɗauka buhun da aka ce babu hatsi nama ne zalla a ciki. Ina! Ba a iya dunƙula irin wannan busasshen abinci ba tare da sitaci ba. Sai su cire masara da shinkafa su zuba dangin wake da dankalin Turawa. An raba ka da sitacin gonarku, an sayar maka da sitacin gonarsu da Dala, a daidai lokacin da Naira ta sha ƙasa tun bayan sakin ta da aka yi a watan Yunin 2023.

Bai ma tsaya nan ba. A watan Yulin 2018 hukumar kula da abinci da magunguna ta Amurka ta shelanta cewa tana binciken rahotannin wani ciwon zuciya da ke sa zuciyar kare ta buɗe ta yi laushi ta kasa harba jini, wanda aka riƙa gani ga karnukan da ke cin irin wannan abinci mai yawan wake da dankali. A watan Yunin 2019 ta fitar da sunayen samfura 16 da aka fi ambata a rahotannin. Gaskiya ɗaya ce, mu faɗe ta: hukumar ba ta yanke cewa abincin ne ke jawo ciwon ba, a ƙarshen 2022 ma ta ce ta dakatar da fitar da bayani sai an samu sabon ilimi. Amma ka tsaya ka yi tunani. Abin da aka yi shekaru ana tuhuma a ƙasar da aka ƙera shi, shi ne mai talla ke rantse maka a nan cewa ya fi tuwon da kakanninka suka gwada. Shin ya taɓa gaya maka wannan labarin? Ba zai gaya maka ba.

Batun furotin kuwa, ƙa'idar da su kansu Amurkawa ke bi ta ce mafi ƙarancin abin da babban kare ke buƙata shi ne kashi 18 cikin ɗari na busasshen abincinsa, kwikwiyo da karya mai shayarwa kuma kashi 22 da rabi. Abin da ya yi yawa fiye da buƙata jiki ƙona shi yake yi, saura ya fita a fitsari. Su kuma masu cewa hatsi ne ke sa kare ƙaiƙayi, binciken likitocin dabbobi ya nuna naman shanu da madara da kaza sun fi alkama jawo wannan matsala, shi ma ga karnuka ƙalilan.

Akwai haɗari na gaske a hatsi, amma ba wanda suke faɗa ba: ruɓa. Masarar da ta sha danshi ta yi funfuna tana ɗauke da dafin da ke lalata hanta, kuma daga ƙarshen 2020 zuwa farkon 2021 irin wannan dafi ya kashe karnuka fiye da 100 a Amurka, daga cikin buhun kamfani mai sheƙi. Don haka ruɓaɓɓen hatsin da ba za ka ba ƙaninka ba, kada ka ba dabba.

Kada wani ya fahimce mu a karkace. Ba cewa muke a bar kare da yunwa ba. Addinin da ya ba mu labarin wanda aka gafarta wa saboda ya shayar da kare mai ƙishirwa, da wadda ta shiga wuta saboda ta tsare kyanwa ba ci ba sha, ba zai yarda ka ɗaure dabba a rana ka manta da ita ba. In ka ajiye shi, haƙƙinsa na wuyanka. Tuwo kaɗai ma bai ishe shi ba. A haɗa masa dafaffen hatsi da kayan ciki na kwata ko kifi ko ƙwai, a dafa da kyau, a ajiye masa ruwa mai tsabta da inuwa. A kiyaye shi da albasa da tafarnuwa, don suna lalata masa jini, haka dafaffen ƙashin kaza da ke tsagewa ya soke hanji. Mai kwikwiyon manyan karnukan nan kuwa ya tuntuɓi likitan dabbobi kan ƙashinsa, ga asibitin koyarwa na dabbobi nan a Jami'ar Ahmadu Bello, Zariya. Amma addinin nan dai shi ne ya hana almubazzaranci, ya kuma yi kashedi mai tsanani ga wanda zai kwana a ƙoshe maƙwabcinsa na kwana da yunwa. A tsakiyar 2024 hauhawar farashin abinci a ƙasar nan ta haura kashi 40 cikin ɗari, har mutane suka fito kan titi a watan Agusta suna kukan yunwa. A irin wannan ƙasa, wai a koya wa saurayi raina masara a madadin karensa!

Abin takaicin ma, wanda ya kashe kuɗi kan buhun waje sau da yawa in ka tambaye shi takardar rigakafin haukan kare sai ya hau kame-kame. Alhali ciwon haukan kare, da zarar alamunsa sun bayyana ga mutum, kusan babu mai tashi, kuma yara ne suka fi shan cizo. Cibiyar binciken cututtukan dabbobi ta Vom, kusa da Jos, ta daɗe tana yin wannan allura a cikin gida. Mai kare ya kai shi a yi masa, ya riƙa sabuntawa yadda likita ya tsara. Wanda kare ya ciza kuwa, a wanke wurin da ruwa da sabulu na tsawon minti 15, a garzaya da shi asibiti a ranar, kada a tsaya jiran a ga ko karen zai haukace.