Kilishin Kaka Da Akwatin Tokiyo

Na yi alƙawarin za mu ci gaba da maganar waƙoƙin fim, to amma ku gafarce ni, wani abu ya faru a gidanmu na Dawaki, can ƙasar Rano, wanda in ban ba ku labarinsa ba cikina zai kumbura.

Autanmu ne zai tafi Japan. E, Japan dai ta masu Honda da Toyota. Yaron nan shekara biyar ke nan yana koyon tace hoto a wani situdiyo a Zoo Road, sai Allah ya kawo rabo aka sa sunansa cikin waɗanda za su je wani ɗan kwas na kwana goma a farkon Nuwamba, sati ɗaya a Tokiyo, kwana uku a Kiyoto. Biza ta fito daga Abuja, tikiti ya zo hannu, sai na tafi gida ran Juma'a in taya shi haɗa kaya. Na tarar gari ana ta hidimar kaka, an yanke gero, ana cirar gyaɗa, dawa ta sunkuya tana jiran lauje. Shi kuwa gogan naku yana ɗaki ya baje akwatuna biyu manya-manya kamar mai kai lefe.

Da na leƙa sai da na zauna don dariya. Shadda kala bakwai, babbar riga biyu, takalmi sau-ciki mai tsini ƙafa uku, baƙin gilashi, da wata jibgegiyar kwat mai gashi a wuya da ya sayo a 'yan gwanjo, irin wadda jarumai ke sawa a yi rawa a bakin ruwan Tiga ana zabga rana. Na ce, "Auta, waƙa za ka je ɗauka da za ka canza kaya sau bakwai kafin a kai amshi?" Ya ce, "Haba Yaya, ai hotuna zan yi, kada a raina mu." To a nan aka fara daru.

Kakarsu ba irin tamu ba ce

Abu na farko da na fahimtar da shi, su ma can yanzu kaka ce, amma tasu gangarawa take yi cikin sanyi. A Tokiyo, watan Oktoba ma'aunin zafi kan tsaya wajen 18, a Nuwamba ya sauko wajen 12 ko 13, da asuba ya yi ƙasa da 10. Wato kamar tsakiyar hunturunmu ne, irin na Janairu da ake hura wuta a tsakar gida, sai dai babu ƙura, kuma ana iya yin ruwa. Dusar ƙanƙarar da yake mafarkin ɗaukar hoto a ciki ba lokacinta ba ne. Abin da zai gani shi ne ganyayen itatuwa sun rine sun koma ja da ruwan ɗorawa, abin da mutanen Kiyoto ke ji da shi, kuma ya fi kyau daga tsakiyar Nuwamba zuwa ƙarshe.

Dabarar sanyin can ita ce ka sa kaya hawa-hawa. Singileti mai dogon hannu a ciki, riga a kai, suwaita mara nauyi, sannan 'yar jaket da za ta tare iska. Dalili kuwa, cikin jirgin ƙasa da kantuna akwai ɗumi, kana shiga da waccan kwat mai gashi za ka jiƙe da gumi, ka fito iska ta buge ka, mura ta samu. Mai hawa-hawa kuwa cire ɗaya zai yi ya jefa a jaka. Muka ajiye kwat. Shadda muka bar kala biyu, ɗaya ta Juma'a, ɗaya ta ranar rufe kwas, da huluna biyu, don ba na so ya je ya saje da kowa har a rasa daga ina ya fito. Sauran wanduna uku ne da riguna huɗu. Yawancin ƙananan otal-otal ɗinsu suna da injin wanki da ake jefa wa kwabbai. Lema kuma na ce kada ya ɗauka, kowane kantin kan kwana ana sayar da ita da araha.

Sai takalmi. Wanda bai taɓa zuwa ba yana zaton mota zai yi ta shiga, alhali a Tokiyo ƙafa da jirgin ƙasa ne abin hawa. Tashar Shinjuku kaɗai mutum sama da miliyan uku ke ratsa ta a kullum, ga matakala hawa da sauka. Sabon sau-ciki mai tsini, kafin la'asar ya yi maka kanta. Kambas ɗin da ƙafa ta saba da shi ya fi, kuma wanda ake zarewa da sauri, domin a gidajensu da wuraren tarihi da wasu gidajen abinci a bakin ƙofa ake tuɓe takalmi, kamar dai shiga ɗakin surukai. Saboda haka safa ta zama fuska. Na zazzage safofinsa, duk mai huji a babban yatsa na yi waje da ita.

Akwati biyu suka koma ɗaya da 'yar jakar goyo. Ɗakunan otal ɗin can 'yan mitsi-mitsi ne, wani ko wurin buɗe babban akwati babu. Sannan jirgin nan mai gudun tsiya, Shinkansen, da zai kai su Kiyoto cikin awa biyu da 'yan mintuna, tun 2020 suka sa doka: akwatin da tsawo da faɗi da kaurinsa suka haura santimita 160 in an haɗa, sai ka kama kujera ta musamman tun kafin ka shiga.

Inda gizo ke saƙar

Muna cikin haka sai ga Kaka ta dogaro sanda, yarinya na biye da ita da ƙullin kaya a ka. Tsohuwar nan ashe ɗan akuyanta ta sayar, ta aika Rano aka yi mata kilishi, ta sa aka daka dambun nama cike da bokitin roba, ga ɗanyen goro, ga gyaɗa, ga yaji da kuka da daddawa. Ta ce, "Maigidana, an ce mutanen can ɗanyen kifi suke ci. Ba za ka je ka rame mini ba, kishiyoyi su yi mini dariya."

Jama'a, wallahi jikina ya yi sanyi, don na san ko yanki ɗaya na kilishin nan ba zai shiga Japan ba. Ƙasar ta hana matafiyi shiga da nama da duk abin da aka yi da nama, ɗanye ko busasshe ko soyayye, ko da kuwa a leda aka liƙe shi daga kanti, saboda tsoron cututtukan dabbobi. Suna da karnuka a filin jirgi masu shinshina akwatuna, kuma ku kun san ƙamshin kilishi ko mai mura ya ji shi, balle kare. Tun 2020 suka tsaurara hukuncin, ya kai tarar yen miliyan 3 ko ɗaurin shekara uku. Ɗanyen goro da ɗanyar gyaɗa da hatsi su ma sai da takardar hukumar binciken tsirrai daga nan gida. Garin yaji da kuka kuwa na ce ya ɗebi kaɗan, ya rubuta a takardar kwastan, ya kai teburin masu duba tsirrai da hannunsa. In sun bari, to. In sun karɓe, ba a yi asarar komai ba sai yaji.

Auta ya ja ni gefe ya ce, "Yaya, mu karɓa kawai, in na je Kano sai in raba wa abokai, ba sai ta sani ba." Na ce a'a. Matar da ta sayar da dabbarta saboda kai, ba a yi mata haka. Na durƙusa na yi mata bayani dalla-dalla, har da maganar kare. Ta yi shiru, can ta ce, "To ƙasar da kare ke aikin ɗan sanda ai sai a bi ta a hankali." Na gaya mata akwai unguwar Shin-Okubo a Tokiyo inda Musulmi ke da kantunan naman halal da kayan miya, kuma na riga na ja masa kunne ya riƙa tambaya kafin ya ci, don romon taliyarsu sau da yawa da ƙashin alade ake yi, wasu miyoyin kuma ana ɗiga musu giyar shinkafa.

Magani ma haka. Kada ka kwashi maganin mura da na tari barkatai daga kemis. Mai kodin a ciki da wasu magungunan toshewar hanci suna iya jefa mutum cikin babbar matsala a can. Wanda likita ya rubuta maka, na wata ɗaya aka yarda ka shiga da shi ba tare da neman izini ba, ka bar shi cikin kwalinsa, ka riƙe takardar likitan. Kuma don Allah, duk wanda ya ba ka ƙulli a filin jirgi ya ce ka miƙa wa ɗan uwansa, ka ba shi haƙuri.

Ƙananan abubuwa masu ceton rai

Wutarsu 100 ce, tamu 230, kuma soket ɗinsu mai baki biyu ne fale-fale, cajarmu mai ƙafa uku ba ta shiga. Sai da adafta. Cajar waya da ta kwamfuta yawanci suna ɗaukar kowace wuta, amma dutsen guga da hita a bar su a gida. Fawa-bank a jakar hannu ake sa shi, ba a akwatin da za a auna ba. Fasfo kuma kullum yana jikinka, doka ce ga baƙo, ɗan sanda na iya tambaya a titi. Ka riƙe tsabar yen da 'yar jakar kwabbai, ka yanki katin Suica na shiga jirgi. Ka sa hankici a aljihu don bayinsu da yawa babu abin goge hannu, da 'yar leda ta zuba shara, domin sai ka yi tafiya mai nisa ba ka ga kwandon shara ba, kuma ba a yarwa a ƙasa. Turare mai ƙarfi a rage, cikin jirgi a matse ake.

Sallah fa? 'Yar dadduma mai naɗewa ta shiga jakar goyo. Suna gabanmu da awa takwas, kuma a Nuwamba kafin ƙarfe biyar rana ta faɗi a Tokiyo, wanda ya yi sakaci sai la'asar ta kufce masa. Abin da ya fi ba Kaka mamaki shi ne da na ce a can yamma ake fuskanta, a ɗan karkata arewa, don Makka tana yammacinsu. Ta ce lallai yaron nan bayan duniya zai je. Juma'a kuma akwai babban masallacin Tokiyo Camii, ginin Turkawa, wanda aka sake ginawa a 2000.

A matsayinsa na ɗan fim, na ce gurbin da shaddoji suka bari a cika shi da abin da zai amfane shi: filas mai ɗauke da ayyukansa da fassarar Turanci a ƙasa, katin suna, da 'yan tsarabobi daga kasuwar Kurmi, huluna da ƙananan jakunkunan fatar akuya, ban da fatar kada ko ta maciji. Mutanen nan suna girmama tsaraba, kuma masu son fim ne na gaske. Bikin finafinai na Tokiyo tun 1985 ake yin sa, a ƙarshen Oktoba zuwa farkon Nuwamba. A unguwar Uzumasa ta Kiyoto kamfanin Toei ya buɗe ƙauyen fim ga masu ziyara tun 1975. Kuma kada ku zaci mu kaɗai Indiya ta kama: fim ɗin Muthu na Rajinikanth ya tashi kan Japanawa a 1998, RRR ma ya yi kasuwa a can daga 2022. Ka ga ko hira ta ƙare, a kan rawa da waƙa za a daidaita.

Saura abu ɗaya, kuma shi ya fi damuna. Tun da labari ya bazu, abokai ke zuwa suna raɗa masa, "In ka shiga kawai ka noƙe." Kun tuna a Agustan 2025, lokacin taron Japan da ƙasashen Afirka a Yokohama, aka yi ta yaɗa cewa an ba 'yan Nijeriya garin Kisarazu har da biza ta musamman? Gwamnatin Japan ta ƙaryata, a Satumba ma hukumar JICA ta janye shirin ƙawancen gaba ɗaya. Har yau akwai masu yi wa samari romon baka da wannan zance. Wanda ya wuce wa'adin bizarsa aka kama shi, tsarewa ce da kora, da haramcin komawa na aƙalla shekara biyar, sannan ya toshe ƙofa ga yaran da za a gayyata baɗi daga industirin nan tamu. Na faɗa masa haka a gaban Kaka. Ita kuwa ta karɓi takardar tikitin, ta sa na nuna mata inda aka rubuta ranar dawowa, ta ƙirga da yatsu ta ce, "Kafin a gama yankan dawa ke nan. Zan ajiye maka kasonka na dambu, in ka wuce rana ɗaya na ba almajirai."

Kilishin dai a daren muka zauna a tsakar gida muka yi masa rubdugu da shayi, har maƙwabta sun samu. Akwati ya tsaya a kilo 17. Waccan kwat mai gashi kuma tana nan rataye a ɗakina, duk furodusan da ke da waƙar da za a ɗauka a Tiga ya zo ya ara.

Ku taya mu da addu'a Allah ya kai shi lafiya ya dawo da shi lafiya. Wanda ya taɓa yin irin wannan tafiya, ya rubuto mana abin da ya manta bai ɗauka ba, za mu buga. Maganar waƙoƙi kuma tana nan, sai wata mai zuwa in Allah ya kai mu.