Matacce Ba Ya Tuba: Shawara Ga Shugabannin Kudancin Kaduna

Duk wanda ya san Kafanchan a ƙarshen shekara, tun daga sa'ad da samarin da suka tafi neman abinci Abuja da Jos da Legas suke kwararowa gida domin Kirsimeti, har zuwa ranar 1 ga Janairu da jama'a ke ɗunguma Kagoro kallon bikin Afan, ya san cewa bayan an tashi daga filin al'ada akwai wani taron da ke ci gaba cikin dare, inda ake haɗiyar abin da mai sha bai san haƙiƙarsa ba, mai sayarwa ma sau da yawa bai sani ba.

Wannan jahilcin shi ne mas'alar da ta cancanci nazari. Hukumar NAFDAC ta amince da tiramadol mai miligiram 50 da 100 ne kawai, alhali kuwa wanda 'yan ƙwaya ke saya a ɓoye yakan kai 225, kuma babu tabbacin cewa abin da aka rubuta a kwali shi ne a ciki. Haka nan barasa irin goskolo, idan sinadarin metanol ya shige ta, takan makantar da mutum ko ta kai shi kabari, kamar yadda barasar ogogoro ta hallaka jama'a a Ode-Irele ta Jihar Ondo da kuma Jihar Ribas a 2015. Binciken da aka yi da taimakon Majalisar Ɗinkin Duniya a 2018 ya ƙiyasta masu ta'ammali da miyagun ƙwayoyi a Nijeriya da mutum miliyan 14.3, adadin da gidajen yarinmu ba za su taɓa ɗauka ba.

Wasu ƙasashe, da suka ga kame kaɗai bai wadatar ba, sai suka ƙara da wata dabara. Tun 1992 Holan ta kafa tsarin da mutum zai kai ɗan ɓarɓashin abin da ya saya, masana su auna shi, su gaya masa abin da ke ciki da irin haɗarinsa, ba tare da an tambayi sunansa ba. A Ingila kuwa, da aka jarraba haka a wani bikin kiɗa a 2016, an tarar kusan ɗaya cikin biyar na abin da aka auna ba shi ne abin da dillali ya ce ba.

Na san malamai da fastoci za su ce wannan ɗaure wa ɓarna gindi ne, kuma tsoronsu yana da hujja, domin awo ba ya mayar da guba magani, ba ya kuma halatta haram. Amma fuƙaha'u sun kafa ƙa'ida cewa idan cuta biyu suka haɗu, ba makawa sai ɗaya, to a ɗauki mafi sauƙi, sun kuma lissafa kiyaye rai cikin manyan manufofin shari'a. Saurayin da ya kwana da ransa ana iya yi masa nasiha gobe, wanda ya mutu kuwa ƙofar tuba ta rufe masa.

Saboda haka shawarata ita ce, kwamitocin bukukuwa irin su Afan da Tuk-Ham na Kwoi su zauna da likitocin Kafanchan, da hukumar NDLEA, da sarakunanmu, su yi ittifaƙi a kan kafa rumfar lafiya a bakin taro, wadda ke da allurar naloksan mai farfaɗo da wanda ƙwaya ta danne wa numfashi, a riƙa kai samfurin abin da ke yawo ɗakin gwaji ana shelanta sakamakon, tare da alkawarin cewa duk wanda ya ɗauko abokinsa a sume ba za a kama shi ba. A ci gaba da farautar dillalai, babu sassauci. Amma iyaye da shugabanni, ku fara wannan zama tun kafin hunturu ya shigo, domin 'ya'yanku ne ke cikin wannan taron na dare.