Ruwan Da Ya Hana Zuwa Masallaci, Bai Hana Zuwa Dandali Ba

 

A Babbar Sallah ta shekarar 2019, wadda ta faɗo tsakiyar watan Agusta, na kwana a wani gari da ke kan hanyar Funtua zuwa Malumfashi. Wasu matasa sun ɗauko mawaƙa daga birni, an kewaye wani fili da zana da langa-langa, an kafa dandamalin ƙarfe, an jera lasifikoki, wayoyin janareta kuwa suna kwance a ƙasa inda ƙafafu ke bi. Kafin magariba gabas ta haɗa baƙi ƙirin, iska ta taso, sannan ruwa ya kece. A masallacin da na yi sallah liman ya haɗa magariba da isha'i, sahu biyu ba su cika ba. A can fili kuwa sauti bai tsaya ba, samari da 'yan mata suna tsaye cikin taɓo ana walƙiya a kansu. Allah Ya kiyaye, babu wanda ya rasa ransa.

Hukuncin irin wannan taro da cuɗanyar maza da mata da ke cikinsa malamanmu sun sha bayyana shi, ba shi zan maimaita ba. Abin da ya tsaya mini a rai shi ne yadda muka juya sauƙin da Shari'a ta yi mana. Bukhari da Muslim sun ruwaito cewa Abdullahi ɗan Abbas (R.A) ya umurci ladaninsa, a wata ranar Juma'a da ake ruwa, da ya sanar da mutane su yi sallah a gidajensu, domin ya ƙi ya fitar da su suna tafiya cikin taɓo da santsi. Juma'a ce fa, ya ɗan'uwa mai karatu! Addinin da ya ɗauke wa mutum fita zuwa farilla saboda kada ya cutu, yaya zai yarda masa ya tsaya awa uku ƙarƙashin hadari don kallon mawaƙi?

Ko magabatanmu ma'abuta al'ada, duk da abin da muke suka a cikin bukukuwansu, sun fi mu lura. Kalankuwa sai da kaka ake yinta, bayan an kai amfanin gona gida, sama ta wanke. Yankin nan ba baƙon kiɗa ba ne, a Funtua marigayi Mamman Shata ya zauna shekaru masu yawa kafin rasuwarsa a 1999, amma manomin Bakori ko Kafur ya san Agusta watan gona ne.

Wanda yake ganin tsoratarwa ce kawai, to ya dubi ƙasashen da aka kwaikwayo abin daga gare su. A ranar 30 ga Mayu 1999, a birnin Minsk na ƙasar Belarus, hadari ya sauko kan wani taron kiɗa a fili, jama'a suka ruga su fake a mashigar tashar jirgin ƙarƙashin ƙasa, aka zame a kan matakala, aka tattake juna. Mutum 53 suka mutu, mafi yawansu 'yan mata. A ranar 13 ga Agusta 2011, iska ta kayar da rufin dandamali a kan 'yan kallo a jihar Indiyana ta Amurka, mutum 7 suka halaka. Bayan kwana biyar kacal guguwa ta afka wa bikin kiɗa na Pukkelpop a Beljiyam, mutum 5 suka mutu. Waɗannan wurare ne masu injiniyoyi da motocin asibiti a bakin ƙofa. Namu filin ƙofa ɗaya gare shi, ita ma an ƙuntata ta don kada wani ya shiga bai biya ba.

Nan ne laifin ya fi nauyi. Yaron da ya sayi tikiti yana jin asara ce ya tafi, mai shirya wasan kuma ba zai kashe sauti ba don kada a ce ya mayar da kuɗi. Shi ne ya tara 'ya'yan mutane, shi za a fara tambaya in rai ya salwanta. Masana yanayi sun ce duk wanda ke jin ƙarar tsawa to yana inda aradu za ta iya samunsa, kuma buɗaɗɗen fili da dogon ƙarfe da gindin bishiya su ne mafi hatsari. Sun ce a shiga gini, kada a fito sai an yi minti 30 da jin tsawa ta ƙarshe.

Saboda haka muna kira ga hakimai da dagatai da shugabannin ƙananan hukumomin Funtua, Bakori, Kafur da Malumfashi: in ba za su hana waɗannan taruka gaba ɗaya ba, kamar yadda muke fata, to kada su ba da izinin yinsu a fili daga watan Yuni zuwa ƙarshen Satumba. Limamanmu kuma su ɗauki maganar a huɗubar Juma'a tun damina ba ta kankama ba.