Ku Rage Sautin, Baba Yana Magana

Yau ba maganar awon ciki ko rigakafin yara na zo da ita ba. Wani abu ne ya faru da ni a watan jiya wanda har yanzu yake cina a rai, na ce bari in kawo shi nan mu tattauna.

Baba ya zo Funtua daga ƙauyenmu da ke wajen Malumfashi domin a duba masa hawan jini. Ya haura shekara 70, kuma manomi ne da bai cika son shigowa gari ba sai dole. Da muka gama da asibiti, ni da ƙanena da matarsa muka ce yau dai sai mun fita kunyarsa, muka kai shi wani sabon gidan abinci da ba zan kama sunansa ba. Wurin ya yi kyau, ba a magana. Tayil sai ƙyalli, ga sanyin na'ura, ga fitilu masu launi. Sai dai talabijin biyu ne a bango, ɗaya ƙwallo, ɗaya fim ɗin Indiya mai fassara, ga wata ƙatuwar sifika a kusurwa tana zuba waƙar soyayya, janareta kuma yana nasa a bayan taga.

Aka kawo shinkafa da kaza. Baba ya gyara zama ya fara magana. Na ga bakinsa yana motsi, na ji "gonar fadama", sauran ya bi iska. Ƙanena ya ce, "Na'am, Baba?" Ya maimaita. Na matso na ce, "Me ka ce, Baba?" Da muka ba shi amsa shi ma bai ji mu ba. Sai ya yi murmushi, ya ɗaga hannu ya ce, "Bari dai, wata rana." Ya ci abincinsa shiru. A tasha, zai shiga motar Malumfashi, ya dube ni ya ce, "Likita, wurin nan naku ba na masu magana ba ne." Haka yake kirana, ko da na sha gaya masa ni nas ce.

Sai bayan kwana uku Inna ta gaya mini a waya abin da ya kawo shi. Ashe ƙarfinsa ya fara gazawa, yana so ya damƙa wa ƙanena gonar fadama tun yana raye, kuma yana so ya faɗa a gabanmu duka don kada wata rana a samu saɓani. Ya yi makonni yana juya maganar a ransa. Mu kuwa muka biya kuɗi aka hana shi faɗa.

Na ba wata ƙawata labarin. Tare muka yi makarantar koyon aikin jinya, yanzu tana aiki a Amurka. Ta yi dariya ta ce ai a can kiɗan gidan abinci ba a barin sa a hannun yaron kanta, lissafi ake yi masa kamar yadda ake lissafin gishiri. Ta ba ni misali da Olive Garden, jerin gidajen abinci masu girki irin na Italiya da aka fara buɗewa a Orlando ta jihar Fulorida a 1982, yanzu kuma suna da rassa ɗaruruwa. An san irin waɗannan wurare da sa waƙoƙin tsofaffin mawaƙan Amurka 'yan asalin Italiya, irin su Frank Sinatra da Dean Martin, ƙasa-ƙasa, da haske mai taushi. Abin da suke so shi ne mutum ya ji kamar ya je gidan kakarsa an yi girki, ko da bai taɓa taka Italiya ba. Ta ce, "Kin gane, gida suke sayarwa, taliyar rakiya ce."

Abin ma an daɗe ana nazarinsa. A 1986 wani malamin jami'a mai suna Ronald Milliman ya wallafa gwajin da ya yi a wani gidan abinci a Amurka. Wasu ranaku a sa kiɗa mai sanyi, wasu ranaku mai sauri. Ya ga masu cin abinci da kiɗa mai sanyi suna ɗaukar kusan minti 56 a kan teburi, na kiɗa mai sauri kuwa minti 45, kuma na farkon sun fi sayen abin sha. Wato mai wuri yana iya zaunar da kai ko ya kore ka ba tare da ya ce maka uffan ba.

Da na yi tunani sai na ga ai mu ma mun san wannan tun kafin a rubuta shi. Ku tuna teburin mai shayi da asuba. Rediyo tana gefe, ana jin BBC Hausa ko Rediyon Kaduna, amma ba ta taɓa fin muryar mutane ba. Labari ya fito a yi tsit, ya wuce a ɗora muhawara a kansa. Ku tuna masu tuwo da miyar kuka a bakin tasha, ko rumfar mai tsire da yamma da kaset ɗin Shata yana tashi a hankali. Mu mutanen Funtua ba sai an gaya mana ba, a garin nan Alhaji Mamman Shata ya yi zamansa na shekaru masu yawa kafin rasuwarsa a 1999, kuma har yau direbobin manyan motoci da ke yada zango a nan kan hanyarsu ta Gusau da Sakkwato da muryarsa suke cin tuwo. A waɗannan wurare kiɗa abokin hira ne. Hausawa suka ce shimfiɗar fuska ta fi ta tabarma, kuma ina ganin abin da kunne ya tarar a wuri yana cikin shimfiɗar.

To me ya canja? Sifika ta yi arha, kowa da waƙoƙi ɗaruruwa a wayarsa, janareta kuma ya zama ɗan gida. Na koma wurin bayan mako biyu, na nemi ganin mai shi. Mutumin kirki ne, ya saurare ni. Ya ce, "Hajiya, in na kashe, ƙarar janareta za ku ji. Kuma samari su ne kasuwata, in wuri ya yi shiru sai su ce babu harka." Ya ƙara da cewa saurayi da budurwa ba sa son na teburin kusa ya ji hirarsu. Duk hujjoji ne, ban raina ko ɗaya ba. Sai dai tsakanin kashewa da ƙurewa akwai fili mai faɗi, kuma a nan ne lafiya take.

Bari in sa farar rigata kaɗan. Ana auna ƙarfin sauti da ma'aunin da ake kira desibel. Hirar mutum biyu kusan 60 ce. Masana lafiyar ma'aikata sun sa iyaka a 85 na tsawon awa 8 a rana, kuma duk ƙarin 3 yana raba lokacin biyu: 88 awa 4, 91 awa 2, 94 awa 1. In an kai 100, minti 15 ke nan. Ba sai kina da na'ura ba. In mutum yana nesa da ke da tsawon hannu ɗaya amma sai kin ɗaga murya zai ji ki, to kin kai wajen iyakar ko kin wuce.

A can cikin kunne akwai wani ɗan abu mai siffar dodon koɗi, cikinsa da ƙwayoyi masu kamar gashi, kimanin 16,000 a kowane kunne. Su ne suke mayar da sauti saƙo zuwa ƙwaƙwalwa. Ƙara mai yawa tana kwantar da su kamar yadda iska take kwantar da dawa. In an huta wasu sukan tashi, shi ya sa kike dawowa daga biki kunnenki yana "wiii" da safe kuma ya daina. Amma wanda ya mutu ya mutu, ba ya sake tsirowa, kuma babu allura ko ɗigon da zai dawo da shi. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce matasa sama da biliyan 1 suna cikin haɗarin rasa ji saboda yadda suke sauraren sauti, har ta ware 3 ga Maris ta kowace shekara domin tunatarwa kan lafiyar kunne.

Tsofaffi irin Baba nasu ya fi wuya. Shekaru sukan fara cinye sautuka masu siriri, irin "s" da "sh" da "f" da "ts". A tsakar gida, cikin shiru, ƙwaƙwalwa tana cike gurbin, sai a ga kamar lafiya lau. Da an shiga hayaniya sai kalmomi su cakuɗe. Dattijo kuwa ba zai yi ta cewa "me kuka ce" a gaban 'ya'yansa da surukarsa ba. Zai yi murmushi ya gyaɗa kai, mu kuma mu ce Baba ya rage surutu. Ina ganin irinsu a wurin aiki. Za ki yi wa tsoho bayanin magani ya ce "to, to", sai ya dawo ki tarar wanda aka ce sau ɗaya sau uku yake sha.

Akwai kuma abin da wani likitan Faransa, Étienne Lombard, ya bayyana fiye da shekara 100 da suka wuce: mutum yana ɗaga murya ba da saninsa ba in akwai ƙara a kusa. Sifika ta tashi, teburin farko ya ɗaga murya, na biyu ya ɗaga ya fi shi, yaron kanta ya ga ba a jin waƙarsa ya ƙara. Haka ɗaki yake cika ba wanda ya yi niyya. Daɗin abin shi ne yana aiki ta baya ma. A rage sifika, kowa zai sauko.

Har harshe ba ya tsira. Wani bincike da aka yi a Manchester ta Ingila ya nuna cewa cikin ƙara mai yawa mutane ba sa jin gishiri da zaƙi sosai a abinci. Ni da na wuni ina roƙon masu hawan jini su rage gishiri da dunƙule, tunda abin da ake so kada ya kai giram 5 a rana, wato kusan ƙaramin cokali ɗaya, ba zan ji daɗin wurin da zai sa mutum ya ƙara barbaɗa ba.

Amma wanda ya fi ba ni tausayi shi ne yaron da ke kawo abinci. Mu awa ɗaya muka yi muka fita. Shi tun safe har dare yake kai da komowa a gaban sifikar nan, kullum. Na ce masa, "Ƙanena, in ka kwanta da dare kunnenka ba ya ƙara?" Ya ce, "Anti, yana yi, amma na saba." Wannan "na saba" ita ce take ba ni tsoro, domin sau da yawa ji ne ya fara raguwa. Nijeriya tana da dokar ƙayyade ƙara tun 2009 a ƙarƙashin hukumar NESREA, amma ba na jin za mu zauna jiran jami'i ya zo ya murɗa mana sifika.

Ga roƙona ga masu gidajen abinci na Funtua da Malumfashi da Bakori da Ƙafur, har da masu ɗakunan biki. Ku zauna a teburin da ya fi kusa da sifika ku yi hira da wani. In sai kun ɗaga murya, a rage. A zaɓi ɗaya, ko talabijin ko waƙa. A matsar da janareta nesa da taga, a yi masa 'yar katanga, amma a waje inda iska take, kada a kulle shi cikin ɗaki saboda hayaƙinsa yana kisa. Tayil da gilashi suna dawo da sauti, labule mai kauri da kujeru masu katifa suna shanye shi. A ware ɓangare ɗaya na iyali da babu sifika. Ba na jin za ku yi asara. Magidanci da ya samu wurin da zai zauna da mahaifiyarsa su ji juna zai dawo, kuma ba shi kaɗai zai dawo ba.

Mu kuma masu zuwa, mu daina jin kunyar cewa "don Allah a ɗan rage". Ni ma ranar kunya ce ta hana ni, nas guda, ina kallon mahaifina yana haɗiye maganarsa. Ku zaunar da tsoho nesa da sifika, inda zai ga fuskokinku, ku yi masa magana a hankali kuna kallonsa, ba da ihu ba. Kada a zaunar da mai goyo kusa da sifikar DJ a wurin biki. In kuma kun lura wani a gida yana yawan cewa "na'am?", ko yana ƙure rediyo, ku kai shi sashen kunne da hanci da maƙogwaro a duba. Wani lokaci dattin kunne ne kawai ya toshe, a wanke a huta. Kada dai a sa tsinke ko gashin kaza.

Ranar Asabar da ta wuce muka je ƙauye ni da ƙanena. Inna ta yi tuwon masara da miyar kuɓewa, aka shimfiɗa tabarma a gindin darbejiya. Ba abin da ake ji sai kaji da wata rediyo can a maƙwabta. Baba ya wanke hannu, ya yi gyaran murya, ya faɗi maganarsa tun daga farko har ƙarshe, da iyakokin gonar da abin da yake so a riƙa ba 'yan'uwanmu mata duk kaka. Ba wanda ya ce "me ka ce". Na kuma shawo kansa zai dawo Funtua a auna masa ji, da sharaɗin in ya zo a gida zai ci abinci.

Ku fa, ya kuke yi in kun shiga irin wannan wuri da iyayenku, kuna magana ko kuna haƙuri? Masu gidajen abinci ma ina so in ji ta bakinku a ƙasa. Allah Ya ƙara wa iyayenmu lafiya, Ya ba mu ikon sauraronsu tun suna kusa. Sai mako mai zuwa in Allah Ya kai mu.